Takardar da Na Rubuta wa Ɗakin Baya

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin akawu. Na fara da ɗinke takardu a fayil, na gama ina babban magatakarda na ma'aikata guda, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa dawo mini da wasiƙa don in gyara ba. Malaman da suka horar da mu sun cusa mana cewa babu ƙofar da takarda mai tsabta ba za ta buɗe ba, muddin an san wanda za a rubuta wa da yadda za a gaishe shi. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. Ya kamata mai karatu ya san haka tun daga farko, domin da wannan ilimin ne na rushe wuri ɗaya tak da na taɓa samun sakewa a cikinsa.

Bayan rasuwar mai ɗakina, babban ɗana, wanda ke aikin bincike a Doha, ya ce ba zai bar ni a gida ni kaɗai ba. Ya kawo ni unguwar Nu'aija, ya ba ni ɗaki mai sanyi da tagar da ke kallon fitilun filin ƙwallo. Shi da matarsa ba su rage ni da komai ba. Sai dai su fita da safe su dawo da yamma a gajiye, ni kuwa in wuni da rediyo da carbi, babu mai sallama a ƙofa, babu mai neman shawarata a kan komai.

Kwaɗayin waina ne ya fara kai ni unguwar Al Muntazah. Wani direban tasi ya kwatanta mini wani ɗan shago a bayan layin masu gyaran waya, inda ya ce ana soya ta kamar ta gida. Teburi huɗu ne a ciki. Mai shagon mutumin Zangon Kumasi ne, kakkaura, ya haura hamsin, yana juya waina a tanda yana hira da kowa a lokaci guda. A takarda, shagon na kafil ɗinsa ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa yake zaune a ƙarƙashin sunansa. Tanda da gumi ne kawai nasa. Da ya ji aikin da na yi, sai ya laƙaba mini Baba Akawu.

A ƙarshen shagon, gefen firji, akwai wani labule mai ruwan ƙasa. Na lura kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wasu sukan shigo su yi gaisuwa, ba su zauna ba, su wuce ta bayan labulen. Daga can nakan jiyo dariya, irin wadda na daɗe ban ji maza suna yi ba. Mako shida ina cin wainata ina kallon labulen. A na bakwai mai shagon ya zo ya tsaya a kaina yana goge hannu.

"Baba Akawu, teburin nan na masu sauri ne. Kai ba ka sauri. Shigo ciki, akwai zoɓo."

Na ce, "Me ya bambanta zoɓon ciki da na waje?"

Ya ce, "Masu shan sa." Sai ya sassauta murya. "Na ga yadda kake kallon labulen nan. Mai ƙyama ba haka yake kallo ba. Ɗan leƙen asiri ma ba haka yake kallo ba."

Na tattara babbar rigata na bi shi.

Ɗakin ajiya ne. Buhunan shinkafa a jingine da bango, jarkokin mai, darduma biyu, fanka, da wani tsagaggen madubi. A bakin ƙofa akwai roba inda kowa ke ajiye wayarsa kafin ya zauna. Suna kiran wurin mashaya, ko da yake ɗigon giya bai taɓa shiga ba. Zoɓo ne da kunun aya da shayi. Mutanen cikinsa wasu irin waɗanda a gida ake kira 'yan daudu ne, wasu kuwa ba za ka taɓa zato ba in ka gan su a titi. Abin da ya haɗa su shi ne maza ne masu son maza, a ƙasar da hakan ke iya kai mutum kurkuku ko a kore shi, kuma sun fito daga garuruwan da ba su fi nan sauƙi ba.

Zan faɗi nawa a taƙaice, domin ban saba faɗinsa ba. Tun ina makarantar horon akawu na san abin da ke zuciyata. Akwai wani abokin karatuna da muka rabu ba tare da ɗayanmu ya furta komai ba. Na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, na riƙe matata da mutunci, ban ci amanarta ba ko sau ɗaya. Amma shekara hamsin na yi ina lura da hannuwana idan ina magana, ina auna dariyata kafin ta fito. Hukuncin wannan al'amari yana tsakanina da Ubangijina, ba zan yi gardamarsa a nan ba. Abin da na sani shi ne, ranar da na zauna a kan kujerar roba a wancan ɗaki, na ɗora hannuwana a cinya na manta da su.

Ba a tambayar suna a ɗakin. Wannan ita ce babbar dokarsu, kuma daga gare ta sauran suka fito: in an haɗu a titi ko a masallaci ba a san juna ba. Mai shagon Uwar Ɗaki suke ce masa. Akwai wani dogo mai lodin akwatuna a filin jirgin Hamad, ana ce masa Mai Kaya. Akwai wani ɗalibi daga Najeriya mai karatun digiri na uku, shiru-shiru da tabarau, ana ce masa Dokta tun bai gama ba. Sauran masu gadi ne da masu shara da direbobi. A cikin ɗakin da yawansu da harshen mata suke yi wa juna magana, kuma ba wanda ya fi Mai Kaya iya shi. Da ya shigo zai tuɓe rigar aiki, ya zaro ɗankwali daga bayan buhu, ya tsaya gaban madubi.

"Wayyo ƙuguna, Uwar Ɗaki! Yau wata Hajiya ta zo da akwati, na rantse turmi ta saka a ciki."

"Ke dai ragguwa ce. Duk tsawon nan na banza."

"Ji mai magana! Ke da tanda kawai kike ɗagawa kina nishi. Baba Akawu, yi mana shari'a, ɗaurina da na wannan tsohuwar, wanne ya fi?"

Na ce, "Ni akawu ne, ba alƙali ba. Iyakata in shigar a rubuce cewa duka biyun sun karkace."

Aka kwashe da dariya har Dokta ya cire tabarau yana share ido. Da la'asar ta yi, masu salla suka kwance ɗankwali suka yi alwala a famfon bayan shago, suka ce in ja su, domin ni ne babba.

Ba hira kaɗai ake yi a wurin ba. Sabon zuwa a nan ake koya masa yadda zai yi tafiya a titi, da irin saƙon waya da ba a amsawa. Wanda ya kwanta ciwo, daga nan ake aika masa kunu. Lokacin da mahaifiyar Mai Kaya ta rasu, bai samu hutun tafiya gida ba, a ɗakin nan muka yi zaman makoki. Kwana uku kowa na zuwa bayan ya tashi daga aiki, ya zauna ya yi gaisuwa. Ni na yi addu'ar uku. Ya kifa kansa a gwiwata ya yi kuka, ƙaton mutum, yana cewa ta rasu ba ta san ɗanta ba. Na dafa kansa. 'Ya'yan cikina ma ban taɓa dafa su haka ba.

Kusan shekara biyu muka yi a haka. Sai wata Juma'a muka tarar da Uwar Ɗaki zaune a kan buhu, bai kunna tanda ba. Ya ce wakilin kafil ya zo. Za a kwashe kayan ajiya, a jera gadaje a ɗakin don masu kai abinci a babur. "Ƙarshen wata, khalas, magana ta ƙare," in ji shi, yana kwaikwayon yadda wakilin ya kaɗa hannu.

Wani ya ce a nemi wani wurin, aka tambaye shi ina. Ɗakunan kwanansu mutum shida ne, takwas ne, a kowane. Babu wani wurin, kowa ya sani.

A nan ne na gyara zama na ce, "Wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Takarda za a rubuta."

Na bayyana musu yadda ake yi. Babban mutum ba a tunkararsa da baki ta hannun wakili. Ana rubuta masa koke cikin ladabi, a yabi karamcinsa, a nuna masa amfanin da yake samu, a roƙe shi ya sake dubawa. Na ce na ga takarda irin wannan ta hana rushe kasuwa, ta dawo da wanda aka sallama. Gaskiya na faɗa, na gani.

Dokta ya ce, "Baba, da girmanka, nan ba ma'aikatarku ba ce. Mutumin nan bai san muna nan ba. Abin da ya tsare mu ke nan. Gara mu rasa ɗakin a ɓoye da mu roƙe shi a fili."

Maganar ta sosa mini rai, musamman da ta fito daga bakin wanda na haifi ya fi shi. Na ce, "Dokta, kai littattafai ka karanta, ni mutane na karanta. Tun ba a haifi mahaifinka ba nake rubuta wa manya. Babu kalma ɗaya da zan sa wadda za ta nuna abin da ba a so a gani."

Uwar Ɗaki ya dube ni ya dubi Dokta. Ya ce, "Baba ya fi mu sanin takarda." Da haka aka rufe maganar.

Kwana uku na yi ina tsara ta a ɗakina na Nu'aija, da alƙalamin tawada da aka ba ni ranar da na ajiye aiki. Na rubuta cewa mu ma'aikata ne daga Yammacin Afirka, masu bin doka, muna taruwa ranar Juma'a mu ci abincin gida mu huta, kuma taruwarmu ciniki ce ga shagon. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na yi kwafi biyu kamar yadda aka saba, ɗaya na aikawa, ɗaya na fayil. A ƙasa na ja layuka da rula, na raba gida uku: cikakken suna, wurin aiki, sa hannu. Ina jin daɗin aikin ƙwarai. Rabona da in ji ina da amfani tun ranar da na miƙa mabuɗan ofis.

Da suka ga gidajen nan uku, jikinsu ya yi sanyi. Mai Kaya ya ce, "Baba, suna kuma? Ba za a ce 'mu masu cin waina' kawai ba?"

Na ce, "Takardar da ba ta da suna, a ofis kwandon shara muke jefa ta. Ni da hannuna na jefa ɗaruruwa. Mutum mai gaskiya yana sa sunansa."

Dokta ya tashi, ya ɗauki wayarsa daga roba, ya fita bai yi sallama ba. Wasu uku suka bi shi. Mutum goma sha ɗaya suka sa hannu. A ranar ne suka fara jin sunayen juna, kuma abin ya zama musu kamar biki. Kowa ya rubuta nasa sai a leƙa a yi shewa. Mai Kaya ashe sunan wani babban malami aka sa masa. Suka yi ta durƙusa masa suna neman tubarraki, yana korarsu da ɗankwali. Uwar Ɗaki ne ya sa na ƙarshe, a hankali, harafi bayan harafi. Ya miƙo mini alƙalamin.

"Saura kai, Baba."

Na ce, "Akawu ba ya sa hannu a takardar da ya tsara. Nasa ya rubuta, masu magana su sa hannu. Ƙa'idar aiki ce."

Ƙa'idar aiki ce kuwa, ban ƙirƙire ta ba. Shekara talatin da biyar sunana bai fito a ƙasan wasiƙa ko ɗaya ba. Amma tun a gida na cire su Dokta a lissafi, layi goma sha biyu na ja da rular nan, kuma na san wanda na ja wa na sha biyun. Sa'ad da alƙalamin ya zo hannuna sai na tuna cewa katin zamana a ƙarƙashin sunan ɗana yake, na tuna ofishinsa da matarsa da jikokina. Na rufe alƙalamin na sa a aljihu. Sun yarda da ni.

Abin da ban yi tunani ba, ni da nake taƙama da karanta mutane, shi ne tambayar da duk mai hankali zai yi in takardar ta zo gabansa: wane irin ɗakin ajiya ne mutum goma sha ɗaya daga kamfanoni daban-daban za su sa hannu a kansa?

Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, aka yaye labulen ba sallama. Wakilin ne, da takardata a hannunsa. Mai Kaya na gaban madubi da ɗankwali. Wasu biyu na zaune an ƙunsa musu lalle a yatsu. Wani ya ɗora kansa a kafaɗar wani. Ba abin da ya wuce haka, kuma hakan ya isa. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya dubi takardar, kamar mai duba kaya da rasit. Sannan idonsa ya sauka a kaina: tsoho da furfura, da babbar riga da hula, da carbi a hannu. Fuskarsa ta sauya. Ya ɗauka wani dattijo ne ya zo cin abinci ya ɓata hanya. Ya kama hannuna cikin girmamawa ya ce, "Yalla, Hajji," wato mu tafi, Alhaji, ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da tasi.

Na shiga. Ina da bakin magana, ina da Turancin da zan ce masa ni na rubuta takardar, ni ma ɗan ɗakin ne. Na shiga tasin na ce a kai ni Nu'aija.

Ba a kira 'yan sanda ba. Ba a buƙaci haka ba, tunda na riga na tsara musu komai a gida uku, da rula. Waya kawai aka yi ta bugawa. Cikin wata biyu, wannan aka ƙi sabunta masa kwantiragi, wancan aka ce aikinsa ya ƙare, wani aka kira shi ofis aka miƙa masa tikiti ba bayani. Mai Kaya, wanda ya shekara shida yana ɗaukar akwatunan mutane a filin jirgin nan, ya ja nasa ta ƙofar da fasinjoji ke bi. Direban tasin da ya fara kwatanta mini shagon ne ya ba ni labari, yana mamakin yadda aka sallami mutanen kirki haka a jere. Dokta na gan shi sau ɗaya a masallaci. Muka haɗa ido ya kau da kai. Dokar ɗakin ta ce haka za a yi, amma na san ba dokar yake bi ba.

Sai da na yi mako bakwai kafin na iya komawa Al Muntazah. An cire labulen. Ta ƙofar ina hango gadaje masu hawa biyu da hulunan babur a rataye. Uwar Ɗaki yana tsugune yana kankare tanda, an ɗaure tukwane da igiya a gefe. Ya rame.

"Baba Akawu, sannu da zuwa. Ka makara, waina ta ƙare."

Na shirya jawabin neman gafara tun a gida, na tsara shi sakin layi uku. Da na buɗe baki sai na ji ƙyamar kalmomin, domin irin na takardar ne. Na ce kawai, "Ni na jawo."

Ya ci gaba da kankara. "Takardar ta yi kyau, Baba. Wakilin ma ya ce bai taɓa ganin rubutun hannu kamar naka ba. Ya tambaye ni wa ya rubuta, na ce wani mai shago ne muka biya."

Na ce, "Ban sa hannu ba."

"Na gani. Na ga layin ma." Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a idonsa, kuma da akwai da na fi samun sauƙi. "Gara da ba ka sa ba. Ko mutum ɗaya ya tsira."

"Ina za ka?"

"Gida mana. Inda na gudo." Ya yi 'yar dariya. "Yayyena suna jira, sun ce sun samo mini mata."

Na miƙa masa hannu. Ya nuna mini nasa duk baƙin tanda, ya ba ni tsintsiyar hannu na riƙe. Ban san sunan unguwarsu ba, ban tambaya ba. Cikakken sunansa kuwa na sani, da na sauran goman, domin bayan sun sa hannu na kwafe su a kwafin fayil kamar yadda aka koya mini.

Kwafin yana nan a ƙasan akwatina, ƙarƙashin huluna. Ya kamata in ƙona shi. In na mutu ɗana zai gani, ya yi tambaya. Sau biyu na fito da shi don haka na mayar. Nan ne kaɗai wurin da mutanen nan suka rage tare. Wani lokaci da hantsi, idan gidan ya yi tsit, nakan shimfiɗa shi a kan gado in karanta sunayen a jere, in yi ƙoƙarin haɗa kowanne da muryar mai shi. Biyu sun fara ɓace mini. Layi na sha biyu yana nan fari. Na taɓa buɗe alƙalami a kansa, sai na ga sa hannu a takardar da ta riga ta isa inda za ta, ta gama aikinta, ba komai ba ne illa wani sabon yabon kai.

Kwanan baya ɗana ya ce, "Baba, ka daina zuwa cin wainar nan taka ta Juma'a. Ko in kai ka?"

Na ce masa man wainar ya fara damuna, na bari.

Ya ji daɗi. Ya ce madalla da na fara kula da lafiyata.